Kwana goma da sabuwar tabilet a hannuna, ga abin da kwalinta bai faɗa min ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ya aiki, ya zafin nan da ake fama da shi. Ni tsohon mai bibiyar jaridarku ne tun zamanin da sai mun tsaya gindin bishiya wajen mai jarida ana leƙen kanun labarai kyauta, daga baya na koma karantawa a waya, yanzu kuma kwana goma kenan a tabilet nake karanta ku, kuma ita ce ma dalilin da ya sa na ɗauko alƙalami, ko in ce na ɗauko yatsa tunda a kanta nake rubuta wannan wasiƙar.

Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya yi ta ba, kar a ce an biya ni talla ko kuma a ce ɓatanci na zo yi. Irin matsakaitan nan ce da suka cika shaguna yanzu, mai inci 11, ba ta masu kuɗi ba kuma ba irin ta wasan yara ba. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, adashen da muke yi a ofis na ɗauka na haɗa da ɗan abin da ke hannuna na saya, saboda haka kar ka yi mamaki in ka ga ina lissafa komai, kuɗin nan gumi ne.

Abu uku suka sa na saya. Na farko idona ya fara gajiya da karanta littattafan PDF a waya, kullum kana ja kana buɗawa da yatsu biyu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Na biyu babbar 'yata za ta zauna JAMB baɗi in Allah ya kai mu. Na uku Baba, mahaifina, wanda ido ya yi masa rauni kuma ba ya son a ce yau ga rana ta faɗi bai duba Alƙur'ani ba.

Kafin wannan na taɓa ƙonewa sau ɗaya. Wajen shekara uku da suka wuce wani ya sayar min da wata ta intanet, hotonta kamar ka sace, da ta iso sai na ga rubutu a kanta kamar an zana da gawayi a jikin buhu, ko wata shida ba ta yi ba ta daina kamawa. To wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake, shi ya sa wannan karon na ce sai na je da ƙafata na gani da idona. Farm Centre na je, nan Kano, na yi kusan awa uku ina shiga shago ina fita.

Abin da na fara lura da shi, a cikin shago kowane sikirin kyakkyawa ne. Ga inuwa ga fitilu, an ƙure hasken na'urar har ƙarshe, an sa bidiyon furanni da kifaye masu launi suna yawo, wallahi ko wacce aka miƙo maka sai ka ce ita ce. Sai na roƙi mai shagon ya bar ni in fita da ita bakin ƙofa inda rana take, ya kalle ni ya yi dariya ya ce Malam kai ne na farko da ya taɓa neman haka, ya haɗa ni da yaronsa muka fita. A nan ne na ajiye guda biyu na ɗauki ta uku, don waɗancan da rana ta dake su fuskata kawai nake gani da hulata.

Bari in fara da sikirin ɗin tunda shi ne kan gaba, tabilet ai sikirin ce aka maƙala wa batir. An rubuta 1920 x 1200 a jikin kwalin. Ma'anarsa ƙananan ɗigo-ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto, 1920 a tsawo 1200 a faɗi, in ka ninka za ka samu 2,304,000. Waccan da ta ƙona ni 1280 x 800 ce, wato 1,024,000, ka ga ko rabin wannan ba ta kai ba. In aka raba da girman fuskar, wannan tawa tana da ɗigo wajen 206 a kowane inci, waccan kuma 149. iPad ta farko da Steve Jobs ya nuna wa duniya a 2010 ɗigo 132 gare ta a inci, a lokacin kuma har layi aka yi ta yi a Amurka ana saye, sai a 2012 kamfaninsa na Apple suka ninka ya koma 264. Na kawo wannan ne don mai karatu ya gane cewa in mai shago ya ce maka "HD ce" bai gaya maka komai ba, ka tambaye shi lamba, in ka ji 800 a ƙarshe kuma fuskar ta kai inci 10, to don karatu dai ka haƙura ka ƙara tara kuɗi.

Amma lamba daban, ido daban. Gwajin gaskiya a ɗakin Baba aka yi shi daren da na kawo ta. Shi Baba a tsangaya ya yi karatu, Warshu ya sani, irin rubutun namu na nan da fa'un ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, to ka ga in ɗigon nan ya dushe ko ya haɗe da wasali an shiga matsala. A waccan tsohuwar haka yake ta fama, yana matso da ita hanci yana cewa wannan abu naku ya cinye ɗigo. Da na buɗe masa shafi a wannan na miƙa masa, sai ya gyara tabarau ya yi shiru, ya sa ɗan yatsa yana bin layi kamar yadda yake yi a takarda, shafin kuwa ya gudu saboda ya taɓa, ya ɗago ya harare ni kamar ni na ja. Na nuna masa yadda zai riƙe ta gefe. Ya karanta kusan shafi biyu a bayyane, ja ya fito ja, baƙi ya fito baƙi, sannan ya ce, "To wannan kam ta yi, Allah ya yi albarka." Malam Edita daga nan na daina jin zafin kuɗin. Ni kuma da nake karanta bugun Madina mai layi 15 a shafi, shafi guda cif yake zama a fuskar in na tsayar da ita, ba sai na ja ko na buɗa ba, girmansa kusan ɗaya da matsakaicin mus'hafin da ke masallacin unguwarmu.

To sai dai rana. Na ce na gwada a bakin shago ta fi sauran, haka ne, amma fin sauran ba shi ne isa ba. Hasken sikirin da wani ma'auni ake auna shi wai shi nit, tawa 400 aka rubuta. A ɗaki ya isa har ya yi yawa, a ofishin malamai ma lafiya lau, amma ranar da na fita da ita filin makaranta wajen ƙarfe ɗaya zan duba sunayen ɗalibai, sai da na sa littafi na yi mata rumfa. Manyan wayoyin yanzu suna haura 1000, iPad Pro ta 2024 ma 1000 take kaiwa, amma kuɗinta sai dai a ji a salansa. Gilashin kuma mai sheƙi ne, yana kama shatin yatsa da ƙura kamar me, kafin azahar ya yi dabbare-dabbare, kuma wannan fa ba lokacin hunturu ba ne, ban san yadda za mu kwashe da ita ba in buji ya taso a Disamba. Duk mai aikin da ke tsaye a rana, mai POS ne ko mai ɗaukar bayanai a ƙauye ko ɗan kasuwar da ke bakin titi, ya fi kowa buƙatar ya tambayi wannan lamba ta nit, kuma ita ce ba a cika rubutawa da manyan baƙi ba.

Da dare kuma wani abu na gani. In an ɗauke wuta ɗaki ya yi duhu, wajen da ya kamata ya zama baƙi wuluk sai ka gan shi toka-toka, ta gefen ƙasa ma har wani ɗan haske ke leƙowa. Da farko na zaci lahani ne har na fara shirin mayarwa, sai wani abokin aikina mai koyar da kimiyya ya ce min haka irin sikirin ɗinta da ake kira LCD yake, fitila ce guda a baya take haska fuskar gaba ɗaya ko ina, ba ta iya kashe wani yanki ta bar wani. A wani irin sikirin da ake kira AMOLED ne kowane ɗigo ke kunna kansa ya kashe kansa, shi ya sa baƙinsu yake baƙi na gaske. Ni dai bai dame ni ba don ba kallon fim na saye ta ba, amma uwargida da ke kallon finafinan Hausa masu dogon zango a YouTube ta lura, ta ce dare a cikin fim ɗin kamar an yi masa hazo. Abin da na fi so shi ne hasken yana sauka ƙasa sosai, ga wani saiti da ke mayar da fuskar ruwan ƙasa-ƙasa don ido, da shi nake karatu bayan isha'i ba na tashi da ciwon kai.

Akwai kuma 90Hz da suka rubuta ɓaro-ɓaro a gaban kwali. Wai sau 90 hoton ke sabuntawa a daƙiƙa ɗaya maimakon 60 da aka saba. Gaskiya ana gani, in kana jan shafi sama rubutun na tafiya sumul ba ya rawa. Amma bayan kwana uku na mayar da ita 60 don in ga ko batir zai ƙara jimawa, kuma har yau ban tuna na mayar ba, ka ga kenan ba shi ne abin da zai sa mutum ya ƙara kuɗi ba in dai karatu ne gabansa.

Yanzu maganar gudu. Ranar farko kamar walƙiya, komai ka taɓa ya buɗe. To ai dole, gidan da ba kaya ai sharar sa ba wuya. Da na zuba mata WhatsApp da Facebook da manhajar JAMB ta yarinya da littattafaina wajen guda sittin, sai halinta na gaskiya ya fara fitowa. Karatu, kallo, rubutu, duk lafiya. Amma in na buɗe wani babban littafin lissafi da aka yi wa hoto shafi-shafi, mai zane da yawa, in na yi tsalle daga farko zuwa tsakiya sai ta tsaya fari fat na daƙiƙa biyu ko uku kafin shafin ya fito. In kuma na raba fuskar biyu, littafi a hagu wajen rubutu a dama, sannan na leƙa WhatsApp na dawo, sau da yawa sai in tarar littafin ya rufe ya koma shafin farko, in sake neman inda nake. Ɗan autana kuma ya saci jiki ya sa wasan ƙwallo, nan kam ta nuna masa iyakarta, 'yan wasan suna tafiya suna tsayawa kamar masu ciwon ƙafa, bayanta ya yi ɗumi.

Dalilin wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi kuma shi nake so ku faɗakar da jama'a a kai. A kwali an rubuta ram 8, da ƙaton rubutu, ram kuwa shi ne wajen da na'ura ke riƙe abubuwan da ka buɗe kana aiki da su a lokacin. Sai ka duba da kyau za ka ga ƙaramin rubutu a ƙasa, 4+4. Wato ram na gaskiya giga 4 ne, sauran 4 ɗin aro ne ake yankowa daga ma'ajiyar na'urar, ita kuma ma'ajiya ba ta da saurin ram ko kusa. Kamar mutum ne ya ce maka ɗakinsa na cin mutum takwas, ashe huɗu a ciki huɗu a soro. Shi mai shagon da na saya wajensa bai ɓoye min ba da na tambaya, ya ce Malam huɗu ce, amma mutum nawa ne za su san su tambaya? Haka ma'ajiyar, an ce giga 128, da na kunna na tarar ita na'urar da manhajojin da ta zo da su sun riga sun ci wani kaso mai kauri. Allah ya sa tana da wajen sa memori.

Sai zafi. Rannan na bar ta cikin jaka a ofis, rufin kwano ne ba silin, da na ɗauko ta bayan tashi sai na ga hasken ya ragu da kansa, na ja shi sama ya ƙi, komai kuma ya yi nauyi. Ashe in suka ji zafi da kansu suke rage haske da gudu don kar su lalace. Kamfanin Apple ma a bayanin da yake bayarwa cewa ya yi a yi amfani da iPad a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa nan a watan Afrilu 40 muke haurawa muna shan shayi a kai. Wannan shi ne irin abin da mai gwada na'ura a Ingila ko Amurka ba zai taɓa gaya maka ba don bai san shi ba, yana zaune cikin sanyi yana cewa ba ta zafi.

Batir kuwa ba laifi, 8000 ne a ma'aunin girman batir da ake kira mAh, in karatu ne kawai tana kai ni kwana biyu, in yara sun karɓa kuma kafin magariba ta yi ja. Matsalar wajen cikawa take. Cazar da ta zo da ita wat 10 ce, ni kuma da na buga lissafi, batir mai wannan girma ko ba a yi asarar komai ba sai ya haura awa uku kafin ya cika da irin wannan caza, a zahiri kuwa ya fi awa huɗu nake gani. To unguwar da ake kawo wuta awa biyu a ɗauke fa? Sau biyu ina kai ta wajen mai cajin waya na bakin layinmu, shi ma da ya gan ta ya ce kuɗinta ba ɗaya ba ne da na waya don ta fi zama a kan soket. Ban yi musu ba, gaskiyarsa ne. Ƙaramin fawa bankina kuwa ko rabi ba ya kai ta yake mutuwa.

Wani abin da ban yi tunaninsa ba sam kafin saye shi ne data. Babban sikirin babban ciki gare shi. Bidiyon da kake kallo a waya a ƙaramin saitin kyan hoto na 360 ka ga ya yi maka daidai, a inci 11 sai ya fashe ya yi dishi-dishi, dole ka ɗaga shi zuwa 720 ko 1080, data kuma ta kama zuba kamar an huda jarka. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari. Tawa ma ba ta cin layi, waifai ce kawai, sai na kunna mata hotsifot daga wayata, cikin kwana huɗu datar da nake wata da ita ta ƙare saboda ita ma na'urar tana ta sabunta kanta a ɓoye ban sani ba. Yanzu na kashe wannan, abin da za a kalla kuma da tsakar dare nake saukewa.

Rubutun Hausa ya yi min daɗi a kanta, wannan kam sai godiya. Na sa Gboard na zaɓi Hausa, ga ƙ ga ɗ ga ɓ duk suna fitowa tsaf da lanƙwasarsu, madannan kuma manya ne yatsa ba ya kuskure, ba kamar a waya ba da za ka rubuta ƙasa ta fito kasa. Lasifikanta huɗu, ƙara kamar rediyo, Baba har tafsiri yake saurara daga tsakar gida. Kyamara dai kar a yi maganarta, ta ɗaukar hoton takarda ce kawai, ita ma sai da rana.

Game da yarinya da JAMB, a nan ma na gano wani abu. Tana ta amsa tambayoyin baya a kai tana jin daɗi, tambaya 180 cikin awa biyu kamar yadda ake yi a ainihin jarrabawar, amma da yatsa take dangwalawa. A zauren jarrabawa kuwa, tun da aka koma kwamfuta gaba ɗaya a 2015, madannai ne da linzami, wato mouse, a gabanka, A B C D na amsa, N ka yi gaba P ka dawo baya. Yaron da bai taɓa riƙe linzami ba sai hannunsa ya kama rawa ko da ya san amsa, na ga haka da idona a ɗalibaina. Saboda haka iyaye kar mu ce mun sayi tabilet shi kenan, a kai yaro ya taɓa kwamfuta ta gaske ko sau uku ne kafin ranar.

Af, har gardamar suna muka yi a gida. Yara na cewa tab, uwargida na cewa aifad duk da ba ita ba ce, Baba kuwa tun daren farko "allon nan" yake ce mata, ɗauko min allon nan, an sa wa allon nan wuta? Sai na tuna a 2013 gwamnatin jihar Osun zamanin Rauf Aregbesola ta raba wa 'yan sakandare irinta suka sa mata suna da Yarbanci, Opon Imo, wato allon ilimi. Ka ga su ma allon suka gani. Ni dai na fara bin Baba.

Roƙona gare ku Malam Edita, ku ware ɗan fili ko sau ɗaya a wata wani daga cikin ma'aikatanku ya riƙa ɗaukar irin waɗannan na'urori, waya ce ko tabilet, ya fita da ita rana tsaka a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ya buɗe mata Alƙur'ani da rubutun Hausa, ya caza ta da irin wutar da muke samu, ya gaya mana awa nawa ta ɗauka da data nawa ta sha, ya kuma karanta mana ƙananan rubutun da ke ƙasan kwali. Labaran da ake fassarowa na cewa kamfani kaza ya fitar da sabuwa mai kaza da kaza muna gani, amma ba su ne za su hana malamin makaranta ko mai ɗinki zubar da adashensa ba.

Sannan in akwai mai karatu da ya taɓa liƙa wa tasa irin ledar nan marar sheƙi da ake cewa tana rage ɗaukar ido a rana, don Allah ya rubuto ya gaya mana ko tana dusar da rubutu, don an ce min tana yi, ni kuma ba zan sa abin da zai sake cinye wa Baba ɗigon fa'un ba.

Na gode, a huta lafiya.

Naku,
Wani malamin lissafi, daga Kano.